Cakulan a Faifan Gumba

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke", in kuma tana ba wani labarina sai ta ce "yarinyar nan". Yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Rano, ɗalibai na rusunawa su gaishe ni, amma a wurin Inna har gobe ni yarinyar nan ce. Ƙanena kuwa, wanda yake aiki can Kudu, gatsau take kiran sunansa, har da na wasa take ƙara masa. Da ina ƙarama abin yana ci mini rai ƙwarai. Da na girma na gane kunya ce irin ta mutanen da, sai dai ganewar ba ta hana ni jin abin a raina ba.

Abu guda ne Inna ba ta taɓa fashinsa a gidanmu na Kibiya, shi ne gumbar Juma'a. Tun yammacin Alhamis take surfa gero, ta wanke, ta baza shi a tabarma ya sha iska. Da hantsin Juma'a za ka jiyo turminta tun daga bakin hanya. Takan daka geron da citta da kanumfari da ɗan masoro, ta zuba sukari, ta yayyafa ruwa, ta yi ta kirɓi har sai ya kama jikinsa, sannan ta cura shi dunƙule-dunƙule ta jera a faifai. Ana saukowa daga masallaci yaran unguwa za su cika mana zaure, suna kiran "Iya mai gumba". Kowane yaro a hannu take miƙa masa, ban da ni. Nawa kullum a kan murfin randa nake tarar da shi, an kifa masa ɗan ƙoƙo, kuma ba a taɓa ce mini nawa ne ba.

Sai da aka kusa kai ni ɗakin miji Baba ya gaya mini asalin gumbar. Ya ce ina goye aka yi ƙyanda a garin, ta kama ni har aka fid da rai. Inna ba ta da halin zama a kaina ta yi kuka a gaban surukanta, tunda 'yar fari ce ni, saboda haka kakata ce ta yi jinya. Ita kuwa ta koma gindin rumbu ita kaɗai, ta yi wa Allah alkawari cewa in yarinyar nan ta tashi, ba za ta bar sadakar Juma'a ba muddin hannunta na iya ɗaga taɓarya. Baba ya ja mini kunne kada in kuskura in nuna mata na sani. Ban kuwa taɓa nunawa ba.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta gama takaba ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidan da a da ba ka samun wurin shimfiɗa tabarma saboda jama'a. Gwiwa ta fara damunta, ga hawan jini. Da damina ta kankama katangar gabas ta zube, ita kuma wata safiya ta zame a bakin rijiya, ta daɗe a ƙasa kafin wata maƙwabciya ta leƙo neman wuta ta gan ta. Ranar da labarin ya iso mini ban tsaya neman shawarar kowa ba. Maigidana, wanda nake kira Malam, direba ne, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Rano da Kano. Na sa shi ya ajiye aikin ranar, muka nufi Kibiya.

Da ƙyar ta yarda, shi ma da sharaɗi: za ta zauna a wurinmu har a gyara katanga, daga nan ta dawo ɗakinta. Ta ɗauki akwatinta da buta da carbi da faifan gumba. Na ce a ɗora turmin a bayan mota, tunda ga wuri.

"A bar shi," in ji ta, tana kallon wani gefen. "Wa ya taɓa zuwa baƙunta da turmi? Sai ka ce wadda aka kora."

Ta sa aka kifa shi a ɗaki, ta jingina taɓaryar a kusurwa, ta kulle ƙofa ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san nauyin da ke cikin zaman uwa a gidan surukinta, balle gidan mijin 'yar fari. Gidana ya koma wurin wasan ɓuya na manya. Malam zai fara gyaran murya tun daga zaure kamar mai tari, Inna ta ja mayafi ta shige ɗaki da saurin da ban san gwiwar tata na da shi ba, shi kuma ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa yana gaida labule. Labulen ya amsa, ya tambaye shi hanya, ya sa masa albarka. In yana gida ba ta cin abinci. Da ya lura, sai ya mayar da cin tuwonsa zaure kamar baƙo. Ni ce a tsakiya, in kai kwano nan in kai can, ina mita ƙasa-ƙasa, don ni Allah bai yi ni da haƙurin irin wannan ba. Na share mata durowa guda ta zuba kaya, ta ce an gode, amma kayan suna nan cikin akwati a ninke.

Juma'ar farko a Rano ta tashi da niyyar gumbarta. Sai dai gidana ba turmin kirki. Wa yake daka yanzu, ga inji a bakin layi? Wanda nake da shi ɗan ƙarami ne na jajjage, ya sha daddawa da attaruhu har cikin jikinsa. Inna ta ɗaga shi ta shinshina, ta mayar ta ajiye. Aka kai geron inji. Ashe mai injin bai daɗe da niƙa wa wata barkono ba, garin ya dawo da yaji da ƙarnin ƙarfe. Haka ta cura shi da hannu a ƙwarya, ta jera a faifai, ta fita bakin zaure ta zauna.

Nawa yaran sun girma, babbar tana ɗakinta a Kano, sauran suna makarantar kwana. Yaran layinmu kuma ba su san ta ba. 'Ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa, kowa da biskit ko alawar leda a aljihu. Ta yi ta yafuto su da hannu. 'Yan kaɗan suka matso don kunya, suka karɓa da hannu biyu, suka ce an gode, don iyayensu sun koya musu ladabi. Da na fita can anjima sai na ga dunƙulen a gindin katanga, akuyar maƙwabta tana lasa. Na yi maza na tattare na jefa a kwata, na juyo muka haɗa ido da Inna. Ta riga ta gani.

Ba ta daina ba. Kowace Juma'a ta cura, ta fita, ta dawo da faifan kusan yadda ya fita. Ragowar takan dama da ruwa ta sha, ta ba kaji saura. Akwai wata kaza mai wake-wake da ta maƙale mata, ita ce ta zama abokiyar hirarta, kuma ta bakin kazar nake jin yawancin abin da ake so in ji. Wata rana na ji tana gaya mata cewa sadakar da ba a karɓa ba ai ba ta fita ba, tana nan a wuyan mai ita. Na san abin da take nufi fiye da yadda take zato. Inna ta fara ramewa, maganarta ta ragu. Duk da haka kowace Juma'a in na je shan ruwa sai in tarar da nawa a kan murfin randa, ƙarƙashin ƙoƙo. Nakan cinye shi tas, da yajin da ƙarnin, ina share hawaye ina ɗora wa barkono laifi.

Na roƙi Malam ya ja ƙafa da maganar katanga. Ya ce shi ba zai yi wa Inna ƙarya ba, alkawari aka yi mata. Da rani ya yi ya kai magina, suka ta da katanga har da yaɓe. Ranar da aka gama ya zo ya tsuguna ya gaya wa labule. Da ina da abin jifa a hannu a lokacin, da na jefe shi.

"Madalla," in ji Inna daga ciki. "Allah ya saka da alheri. To, in na yi Juma'a ta sama a nan, wanshekare sai a mayar da ni. A can ko ba komai yara sun san ƙofata."

Na shiga na yi ta magana, na kawo gwiwa, na kawo hawan jini, na kawo rijiya. Inna ba ta jayayya da 'yar fari. Ta dai kalli bango tana jan carbi har na gaji na fito. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Ko ina cikin aji ina rubutu a allo, bakin rijiyar nan nake gani da gansakukarsa.

A cikin kwanakin ne wata abokiyar aikina, wadda ke koya wa 'yan mata girki, ta zo ofishin malamai da wata roba. Abin da ke ciki baƙi ne, gudaji-gudaji, ba shi da kyan gani ko kaɗan, kamar an cura taɓo da ƙaiƙayi. Na ɗauki ɗaya don kada ta ji ba daɗi. Sai ga zaƙin cakulan da garɗin gyaɗa, da wani ɗan tauri mai daɗin tauna. Kafin in miƙa hannu karo na biyu 'ya'yan malamai da suka taso daga firamare sun yi wa robar ca, har da mai kuka. Na tambaye ta a wace irin tanda ta gasa. Ta ce ba gashi ba suya. Sukari ne da madara da man shanu da garin cakulan ake tafasawa a tukunya, a sauke, a zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira ots, a juya, a ɗiba da cokali a jera a faranti, a bar shi ya sandare da kansa. Na tsaya ina kallon yaran suna lasar yatsu. Abin da ba a gasawa, ba a soyawa, ana cura shi a jera, yara na rububi, ai wannan gumba ce ta wasu mutanen.

Malam ya sayo mini ots da garin cakulan daga Kano, yana tambaya ko likita ne ya rubuta. Man shanu na karɓa a wurin Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Rurum. Gyaɗa kuma na je gidan mai ƙuli-ƙulin layinmu na ce ta ɗibar mini daga markaɗe kafin ta matse mai.

Ranar gwajin farko na hura gawayi a tsakar gida da gangan, daidai inda Inna za ta gani daga ƙofarta. Na zazzage ots a kwano. Ta leƙo, ta ƙara leƙowa.

"Wannan dusar," in ji ta, tana kallon kaza, "ta awaki ce ko taku ce?"

"Hatsi ne, Inna."

"Hatsi? To mota ce ta bi ta kansa?"

Na ci gaba da juya tukunya. Tsoron kada ya ƙone ya sa yana fara ɓararraka na sauke. Na zuba gyaɗa da ots, na jera a tire da cokali yadda aka ce. Bazara ce, zafi kamar a kasko, wuta kuma ta kwana biyu ba a kawo ba, firij ya zama kabad ɗin ajiye kwanuka. Na jira har la'asar. Maimakon su sandare sai suka miƙe ƙafa suka haɗe da juna, tiren ya zama tafki guda. Na kwashe a kofi na kai wa Malam zaure da cokali. Ya shanye, ya leƙo ya ce kunun ya yi daɗi, a riƙa yi. Da zai shigo da daddare sai da ya maimaita sallama kafin na amsa masa.

Ranar Laraba na sake ɗora tukunya, na ƙudurta wannan karon sai ya dahu ko ya ƙi Allah. Na bar shi yana ta tafasa, ina juyawa ina harararsa. Da na zuba ots sai abin ya bushe nan take a cikin tukunya, ya wargaje kamar yashi, ko cokali ya ƙi kamawa. Jibi ce Juma'ar ƙarshe, ots kuma saura na haɗi ɗaya. Na zauna a kujera 'yar tsuguno da tukunyar a gabana, sai kawai na ji kuka ya zo mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Kuma na faɗi abin da 'yar fari ba ta faɗa.

"Inna, ni ba na so ki koma. Tsoro nake ji."

Na ɗauka za ta saki labule. Sai na ji takun sandarta. Ta zo ta tsaya a kaina, ba ta kalle ni ba, ta sa yatsa a tukunya ta ɗanɗana. Ta daɗe tana juya shi a baki.

"Gafi," in ji ta, da tukunyar take magana. "An zuba hatsi ɗanye ba a nuna masa wuta ba. Kuma abin zaƙi ba citta ba kanumfari, sai ka ce na majinyata."

Ta jawo wata kujerar ta zauna da ƙyar, ta ce a miƙo madara. Ta yayyafa kaɗan a kan yashin nan nawa, ta sa tafin hannu tana murzawa tana dannawa, har ya fara haɗa kansa. Ta cura guda ta ajiye a murfin tukunya, ta cura wani. Amsar da na samu ke nan, kuma a wurin Inna ba ƙaramar amsa ba ce.

Da hantsin Juma'a mu biyu muka zauna a gaban gawayi, abin da ban tuna rabon da mu yi ba. Ita ta karɓi ots ta zuba a busasshen kasko tana juyawa da ludayi, har ƙamshinsa ya tashi kamar na sabon tumu. Ina kallo ta kwance wani ƙullin leda ta ɗebo garin gero tafi biyu, ta zuba a kaskon ta soya su tare. Ba ya cikin abin da abokiyar aikina ta faɗa, har na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna alkawarin da aka yi a gindin rumbu na gero ne. Na rufe bakina.

Ni ke riƙe da tukunya. Abokiyar aikina ta ce kuskurena na farko gaggawa ce, na biyu kuma naci, ta ce in bari sai ya tafasa gaba ɗaya har tsakiya sannan in duba agogon waya, minti guda in sauke. Inna ba ruwanta da waya. Ta ajiye ƙoƙon ruwan sanyi a gefenta, tana ɗiga ruwan sukarin a ciki da tsinke, tana taɓawa da yatsa ta ji ko ya fara dunƙulewa. Ina cewa "ya yi" ita ma tana cewa "a sauke". Kowa a cikinmu ta ɗauka ita ce ta gano lokacin, kuma har yau ba mu warware wannan ba.

Na zuba gyaɗa ta narke a ciki, ta juye hatsinta, ta barbaɗa dakakkiyar citta da kanumfari ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Na ɗauko cokali, ta ture shi da bayan hannu. Ta bari ya ɗan huce, ta shafa man shanu a tafinta, ta shiga curawa da irin saurin nan da na sani tun ina yarinya, tana jerawa a faifanta da na shimfiɗa wa leda. Da aka zo maganar inda za a ajiye, firij dai ba labari. Muka kai faifan gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashi inda sanyi ke kwanciya, muka kifa kwando, muka lulluɓa masa jiƙaƙƙen zani. Na yi ta zarya ina ɗaga zanin, har sai da Inna ta gaya wa kaza cewa wasu mutane leƙensu ma ya isa ya hana abu kamawa.

Kafin a sauko daga masallaci sun kama. Na ɗauki guda, ya ɗago cak bai bar komai a ledar ba. Na gutsura. Cakulan ne a gaba, gyaɗa na biye, can ƙarshe kuma citta ta taso tare da garɗin gero, ɗanɗanon zauren gidanmu na Kibiya.

Inna ta yafa mayafi ta fita bakin zaure da faifanta. Ni na laɓe a bayan ƙyaure, mace da furfurarta, ina leƙe ta kafar ƙofa. Wata 'yar yarinya ce ta fara zuwa, ta gidan da ke kallon namu, mai kitso biyu da giɓi a baki. Na gane ta, tana cikin masu ciyar da akuya. Ta rusuna ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode, ta nufi gindin katanga kamar yadda ta saba. Akuyar ma har ta taso. Sai yarinyar ta tsaya, ta kalli abin da ke hannunta, ta kai hanci. Ta ɗan gutsura da gefen baki. Ta juyo ta kalli Inna, ta tura sauran duka a baki, ta ruga gida. Akuya ta bi ta da kallo.

Ba a jima ba ta dawo tana jan ƙannenta biyu. Daga nan ban san yadda labari ya zaga layin ba. Na dai ga zauren ya cika, masu takalmi da marasa takalmi, har da waɗanda suka fara jin kansu samari suna tsaye daga baya suna yi kamar wucewa suka zo yi. Inna ta gyara zama. Muryar da na daɗe ban ji ba ta dawo. Ta sa kowa ya tsuguna, ta ce hannun dama, ta ce a yi bisimilla. Kowane yaro sai ta tambaye shi ɗan gidan wa ne kafin ta miƙa masa. A haka ta gano wani jikan wata ƙawarta ce da aka kai aure ƙauyen Saji tun suna 'yan mata, ta riƙe hannunsa tana ta tambayarsa ko kakar tasa na da rai, yaro yana amsawa idonsa na kan faifai.

Faifai ya ƙare tas, har ledar wani ya nemi a ba shi ya lasa. Suna watsewa sai mai giɓin nan ta dawo da baya.

"Iya, Juma'a mai zuwa ma za ki yi?"

Na kasa kunne a bayan ƙyaure. Inna ta kakkaɓe faifan a gwiwarta, ta duba bayansa kamar tana neman wani abu.

"In da rai," ta ce.

Wannan ba amsa ba ce, kowa ma yana faɗa. Da yamma na leƙa ɗakinta na ga akwati a bakin ƙofa, buta da carbi a kai. Na juya, don na riga na faɗi iyakar abin da nake da shi tun ranar Laraba.

Da safiyar Asabar Malam ya wanke mota, ya shimfiɗa bargo a kujerar baya saboda gwiwarta. Ya shigo da gyaran muryarsa ya tsuguna a gaban labule. Ni ina tsaye a tsakar gida da tsintsiya, ina share wurin da na riga na share.

"Inna, an tashi lafiya? Mota ta shirya, duk lokacin da kika ce."

Sai Inna ta yi magana daga bayan labule, a hankali, kamar mai lissafin cefane.

"Hatsin nan da mota ta taka ya ƙare. Na duba, gero ma zai yi, in an ɓarza shi an soya. Amma ba a inji ba. Ba kuma a wannan abin wasan yaran da ake kira turmi a gidan nan ba."

Sai ga hannunta ya fito ta ƙasan labule, ya ajiye makulli a kan dakali, da ɗan tsumman da ta yago daga bakin zani.

"Yana ɗaki a kife. A haɗo da taɓaryar, tana kusurwa. A sa masa tsumma a baki kada hanya ta fasa shi."

Malam ya juyo ya kalle ni. Ni kuwa tsintsiya ta faɗi ban sani ba. Ya sa hannu biyu ya ɗauki makullin, ya ce, "To, Inna," ya tashi ya fita da sauri, ina jin don kada a sake shawara.

Da azahar turmin ya iso a ɗaure a saman mota, an naɗe masa baki da tsohon buhu. Inna ta fito tsakar gida, Malam na tsaye a wurin, ta dai ja mayafi ta rufe rabin fuska amma ba ta koma ɗaki ba. Ta nuna da sanda inda za a ajiye shi, gindin bishiyar dalbejiya, ta shafa bakinsa da tafin hannu ta ga bai tsage ba. Da la'asar na wuce ta ƙofarta na ji ƙarar durowa.

Tana nan tare da mu. Wani lokaci Malam ya sayo ots daga Kano, wani lokaci gero zalla muke ɓarzawa, yaran ba su taɓa kawo ƙara ba. Hannunta ya yi rauni, yanzu ni nake dakan, amma ba ta yarda in fara sai ta ɗaga taɓaryar da kanta ta sauke a kan geron tukuna, sannan ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Yara na zuwa tun kafin a sauko daga masallaci, su tsaya a zaure suna kiran Iya. Kowa a hannu take ba shi. Ni kuwa in na gama wanke tukunya na je shan ruwa, nawa yana kan murfin randa, an kifa masa ƙoƙo.